Awakin Inna Tabawa a Shekarar Kulle

Duk shekara ana turo mini ɗalibai daga kwalejin noma su yi 'yan watanni a hannuna, kuma da wuya a rasa wanda zai ce, "Malam, ai aikin nan allura ce kawai." Bana ma an faɗa. Ban ji haushi sosai ba, don ni ma ranar da na fito jami'a da digirina na kiwon dabbobi kusan haka nake gani. Amma tunda kun kusa komawa, na ga ya kamata in rubuta muku abin da ba ya faɗuwa a kan babur. Ni ba lauya ba ne, ba kuma cikakken likitan dabbobi ba, ko da yake mutanen karkarar Minjibir sun ƙi daina ce mini Likita. Ma'aikacin lafiyar dabbobi ne ni, sunana Habibu. Inda na yi kuskure a gyara mini.

Kun ga abin da ke cikin jakata: ma'aunin zafi, sirinji, allurai, safar hannu, igiya, sabulu, almakashin gyaran kofato, maganin tsutsar ciki. Kun ga wuƙa mai ƙotar itace a aljihun gefe, har ɗayanku ya tambaye ni ko fawa nake taɓawa. Zan zo kanta. Amma uwar kayan aikin duka ita ce kular nan da nake ɗaurewa a bayan babur. Allurar rigakafi abu ne mai rai, sanyi ne ke riƙe ta. In ta sha zafi ta mutu, kwalbar ba ta canja kama, ruwan ba ya wari. Za ka yi wa akuya, mai ita ta yi maka addu'a, ka tafi, alhali ruwa ka zuba mata. Shi ya sa kuke gani ina buɗe kular nan da sauri kamar mai sata, ina kuma rufewa da faɗa.

A hannun Malam Bukar na koyi aiki. Iyayensa daga Barno suka zo, amma shi a nan ya tashi, ya yi karatun dabbobi tun kafin a haife ni, kuma shi ne babba a ofishinmu lokacin da aka ɗauke ni. Aikin farko da ya bar mini a hannuna wata akuya ce mai tari a wani gida bayan kasuwa. Na auna ta, na duba hancinta da dasashinta, na ce wa matar gidan ta bayan labule, "A ware ta daga sauran." Na kama rufe jaka. Malam Bukar yana tsugune a gindin darbejiya, sai ya ce, "Malam Habibu, har yaushe?"

Na ce, "Har ta warke."

Ya ce, "In ba ta warke ba fa? Har ta mutu? Ina za a ɗaure ta, akwai inuwa? Wa zai ba ta ruwa? Wace rana za ka dawo ka duba? Faɗa wa baiwar Allah. Akuyarta ce, ba taka ba. Sannan ka gaya mata in ba ta gamsu da kai ba, ga ni, ta aiko a kira ni."

Ya yi dariya ya ƙara da cewa, "Ɗaurewa ko mahaukaci ya iya." Tun daga ranar ban taɓa killace dabba ba sai na faɗi waɗannan abubuwa. Ku riƙe wannan, don shi ne duk abin da nake da shi na cewa a kan masu mulki.

Wani abin da ba a koya muku a aji shi ne su wane ne masu kayan. Shanun huɗa na maza ne, amma awaki da tumakin ƙauyukanmu yawanci na mata ne. Maigida zai tare ka a zaure yana ta bayani, amma da ka tambayi yaushe ta fara zawo sai ya waiga ciki ya ce, "Ke, yaushe ta fara?" A nan kuma ba daji ne da mu ba. Gona tana manne da gona, har bakin danga ake shuka. Da rani dabbobi suna yawo suna kalar abin da ya rage a gonaki, amma da ruwan shuka ya sauka, mai unguwa zai sa a yi shela, kowa ya kama nasa ya ɗaure a turke cikin gida har a yi girbi. Ciyawa ake yankowa a kawo musu. Takin da suka tara a turken shi ake kwasa a kai gona, kuma ba don shi ba da ƙasar nan ta daɗe da gajiya. To, dabbobin da ke ɗaure hanci da hanci, suna shan ruwa a kwano ɗaya, in ciwon majina da zawo ya shiga ɗaya, ya shiga duka. Saboda haka rigakafinsa kafin turke ake yi. Ba ni na tsara haka ba, damina ce ta tsara.

Inna Tabawa tana cikin waɗanda ba sai na tuna musu ba. Gwauruwa ce a wani ƙauye gabas da Minjibir, ɗanta ɗaya, Sale, yana tafiya ci-rani kudu ya dawo da ruwan farko. Da awakinta take ci, da su take sutura, takinsu ke riƙe 'yar gonar da mijinta ya bari. Uwar garken wata jar akuya ce mai farin goshi, Kyalla, jikar jikar wadda mahaifiyar Inna ta ba ta tun tana yarinya. Ban da nata, akwai na riƙo. Al'adar matanmu ce, wadda ba ta da wuri ko ƙarfin yankan ciyawa ta kai akuyarta gidan wata, in ta haihu su raba 'ya'ya. An san hannun Inna da albarka, don haka turkenta ba ya rabo da amanar mutane. Duk shekara ita ke tara mini matan unguwa, domin kwalba ɗaya ta garke guda ce, kuma in an haɗa ta da ruwanta ba ta jira. Takan ce, "Ɗan nan, ka zo da sanyinka, ni zan zo da taron."

A shekarar annoba mun sa rana ni da ita. Kafin ranar ta zo, ana cikin azumi, sai shugaban ƙasa ya yi jawabi a rediyo ya ce an kulle jiharmu mako biyu. Ba shiga, ba fita, ba kasuwa, ba taro. Ina so ku fahimce ni, ban ce annobar ƙarya ba ce. An yi ta rasuwa a birni a lokacin, ni ma na rasa malamina na jami'a. Wataƙila da ni ne a kujerar, da na rufe. Na ce wa Inna a waya mu jira, mako biyu ba komai ba ne, ruwa da saura. Da wa'adin ya cika sai aka ƙara. Babu wanda ya ce ga abin da in an gani za a buɗe. Ni kuma kullum da safe sai in fito in dubi gabas.

An ce a rediyo masu aikin noma da abinci ba sa cikin dokar. Na je ofis in karɓi takardar da za ta nuna haka, ofis a rufe. Na kira na gaba da ni, ya ce shi ma a rediyo ya ji. Daga baya aka ware wasu ranaku da ake sassautawa daga safe zuwa bayan azahar don mutane su sayi abinci. A irin wannan rana na yi sammako na shiga birni. Na sami rigakafin da ƙyar, ragowar wanda ke firjin wani mai shago, don motocin da ke kawo shi daga wata jiha su ma an tsayar da su. Ƙanƙara ce ta cinye mini lokaci. Azumi ne, ga zafin bazara, duk wanda ya fito ƙanƙarar buɗa-baki yake nema. Na bi layi a wurare da yawa kafin na cika kula. Ko da na fito bakin gari, lokacin sassaucin ya wuce da kaɗan.

A shingen da ke kan hanyarmu wani jami'i ya ɗaga mini hannu. Na sauka, na gaishe shi, na miƙa katin aikina.

Ya ce, "Me ke cikin wannan?"

Na ce, "Rigakafin dabbobi ne, Yallaɓai. Don Allah in za a duba, a duba da sauri, zafi ne ba ya so."

Ya buɗe, ya tura hannu cikin ƙanƙarar, ya kira abokin aikinsa. "Zo ka ga likitan awaki. Mu muna nan rana na dafa mu, akuya ce ke shan ƙanƙara."

Na ce, "Yallaɓai, an faɗa a rediyo cewa ma'aikatan noma za su iya wucewa."

Ya ce, "Ni ba rediyo ce ta turo ni nan ba. Noma ka ce. Ina fartanyarka?"

"Dabbobi ma ai noma ne."

"Malam, mutane na mutuwa a gari, kai kana yi mini zancen akuya. Umarni daga sama yake. Tura babur can."

Na tambaye shi wa zan gani. Ya ce Oga. Ina Oga? Ya fita. Yaushe zai dawo? Ya ɗaga kafaɗa. Suka ajiye kular a kan benci cikin rana, a matsayin kayan da aka kama, murfin a karkace. Na roƙi a bar ni in gyara murfin in matsar da ita inuwa, aka ce kada in taɓa. Ban ce mutumin nan mugu ba ne. Shi ma azumi yake, leɓensa ya bushe, kuma na tabbata ba wanda ya ba shi komai a rubuce. An ce masa ya tare, ba a gaya masa wa zai saki ba. Sai gab da magariba Ogan ya zo, ya dubi katina, ya ce, "Ai waɗannan ba a tare su." Na sa yatsa cikin kula, ruwan ya yi ɗumi kamar na wankan jariri.

Washegari na je na gaya wa Inna Tabawa. Ta karɓi kwalba ɗaya ta ɗaga ta a rana.

Ta ce, "Ɗan nan, ni ban ga abin da ya same ta ba. Yi musu haka nan."

Na ce, "Inna, mai yiwuwa da sauran rai a ciki, mai yiwuwa babu. Ban sani ba. In na yi, za ki saki jiki ki ce an yi, matan unguwa ma haka. In ciwo ya zo, ba za ku ƙara yarda da allura ba har abada."

Ta ce, "Kai dai tsoronka ya yi yawa. Tun kana bin Bukar haka kake."

Na ce, "Haka ne, Inna."

Na haƙa rami na binne kwalaben. Na koma birni a wani sassaucin, babu ko ɗaya a firjin kowa.

Ana haka kasuwannin dabbobi suna rufe. Wanda abincinsa ya ƙare, ga akuya amma ba inda zai kai ta, sai aka koma ciniki a bayan gari da cikin zaure, dabba daga ko'ina, ba mai duba hancinta. Wata 'yar ƙanwar Inna da ke aure a wajen Tofa, mijinta ya karɓi akuya a irin wannan ciniki, suka rasa abin ba ta, sai ta lallaɓo ta hanyar gonaki ta kawo wa Inna riƙo. Da ina nan da na ce a ɗaure ta daban. Amma ku sani, a wurin matan nan, a kawo miki amana ki kai ta bayan ɗaki ki ɗaure ita kaɗai, kamar kin ce wa mai ita ba ki yarda da ita ba ne. Inna ta ɗaure ta kusa da Kyalla, wurin da ya fi inuwa. A makon aka yi ruwan shuka, mai unguwa ya sa aka yi shelar turke.

Baƙuwar ce ta fara. Da aka kira ni, idanunta sun liƙe da kwantsa, hanci ya toshe, baki duk gyambo, bayanta ya ɓaci da zawo. Wannan ciwo ba shi da magani na kansa. Abin da muke yi shi ne mu tare cututtukan da ke biyo bayansa, mu wanke baki da hanci, mu ba da ruwan gishiri da sukari, mu jira ikon Allah. Na raba turken uku, na faɗi ranar da zan dawo, na faɗi wanda zai sha a wane kwano. Inna ta bi duk abin da na ce, ba ta ƙara tsokanata ba, kuma wannan ya fi damuna da tsokanar. Ƙananan suka fara tafiya, sannan masu ciki suka yi ta ɓari. Ciwon ya tsallaka danga ya shiga maƙwabta. Matan da suka ba ta riƙo suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta yi mata faɗa, sai dai kowace ta tsaya ta dubi turken da akuyarta take a da, ta ce Allah ya mayar da alheri, ta fita.

A nan ne nake so ku ba ni haƙuri, don zan faɗi abin da ya fi ƙarfin matsayina. Ni ƙaramin ma'aikaci, ba ni da ikon ɗaure akuyar talaka sai na gaya mata har yaushe, da dalili, da wanda za ta kai wa ƙarata. Yaya za a ce mutum ɗaya, komai girman kujerarsa, ya ɗaure jiha guda da jawabi ɗaya, ya ƙara wa'adi da wani jawabin, ba tare da ya tsaya gaban kowa ya amsa tambaya ba? Na ji an ce da wata tsohuwar doka ta zamanin Turawa aka yi amfani, wadda ba ta bukatar a je majalisa. Ban karanta ta ba, ba zan rantse ba. Amma in haka ne, abin kunya ne. Muna da wakilai, mun bi layi cikin rana mun zaɓe su. Ban ce sun fi kowa tsoron Allah ba. Sai dai a cikinsu akwai wanda uwarsa ke da turke. Da dole ne a kawo maganar gabansu kafin a ƙara ko kwana ɗaya, mai yiwuwa wani ya miƙe ya ce damina ta kusa, a rubuta wa na kan shinge su wane ne za su wuce. Mai yiwuwa kuma ba wanda zai miƙe. Amma da mun san wanda za mu tare a ƙofar gidansa mu tambaya.

Abin da nake ganin daidai ne, a iya fahimtata, ba mai yawa ba ne. In hatsari ya taso, shugaba ya rufe, ban hana ba, wani lokaci ba a jiran taro. Amma rufewar ta zo da ranar mutuwarta, gajeriya, ta faɗi da kanta in ba wakilan jama'a ne suka zauna a fili suka sabunta ta ba. Wanda aka ware, a rubuta, takardar ta isa hannun mai tsaron shinge kafin sandarsa ta isa. Kotu kuma ta kasance a buɗe, don a lokacin ita ma a rufe take, wanda aka zalunta sai dai ya kai ƙara wurin Allah. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda kalmar ta-ɓaci ta yi araha tun daga lokacin. Abu kaɗan sai ka ji an ce dokar ta-ɓaci. Abokan aikina na wajen Shanono, da matsalar tsaro ta matso su, kullum cikin fargaba suke kada a wayi gari an hana babur an rufe kasuwa, ba ranar buɗewa. Tsaro gaskiya ne, kamar yadda annoba ta kasance gaskiya. Don abin gaskiya ne ya sa ya kamata a yi masa iyaka, domin ba wanda ke iya musu da mai cewa rai yake ceto.

Kyalla ce ta ƙarshe. Ta jure fiye da sauran, har na fara sa rai. Wata safiya Inna ta kira ni a waya ta ce in zo yanzu. Na tarar da akuyar kwance, wuya a miƙe, numfashi sama sama. Mazan unguwa duk suna gona. Sale kuwa yana can kudu, hana tafiya tsakanin jihohi ya tare shi, gonarsu ma maƙwabta ne suka shuka mata. Na durƙusa na buɗe jaka ina neman sirinji.

Ta ce, "Rufe jakar nan, Habibu. Ba don ita na kira ka ba."

Sai na ga wuƙa a hannunta, mai ƙotar itace, ta wasa ta.

Na ce, "Inna, na yi mata allurai shekaranjiya, maganin yana jikinta. Ko an yanka, bai kamata a ci naman ba."

Ta ce, "Na sani, ka faɗa. Wa ya ce maka nama nake so? Uwata ce ta ba ni kakarsu. Ba za a ja ta a ƙasa a kai bola a ce mushe ba. Kai namiji ne, ka yi mata bisimilla."

Na juya ta gabas, na yi. Na haƙa rami mai zurfi a bayan gida na rufe ta. Da na wanke wuƙar na miƙa mata, ta ce, "Riƙe. Ta Malam ce, marigayi mijina, da ita yake yanka mana na suna da na layya. Ni yanzu me zan yanka?"

Ba a daɗe ba aka sanar a rediyo cewa an buɗe gari. Na biya ta gidan a ranar, na tarar tana tuge turaku tana tarawa a gefen murhu. Na ce mata an buɗe. Ta ce, "Wa ya buɗe?" Na ce wanda ya rufe. Ta ce, "To, a gaishe shi. Ya tambayi abin da ya tarar?"

A iya sanina ba a tambaya ba, kuma babu dokar da ta ce dole a tambaya.

Wuƙar ke nan da kuka gani. Ba na yanka da ita. Gobe in Allah ya kai mu akwai rigakafi a ƙauyen, Inna Tabawa ce za ta tara matan kamar kullum, ko da yake tun shekarar ba wadda ta sake jin ta karɓi riƙo. Ku zo da wuri, gabas ta fara haɗa hadari. Wanda zai riƙe kula kuma ya riƙe ta da hannu biyu.